Injin da Ke Jiran Almakashi

A babban asibitin gwamnati babu mai kiransa da sunansa na yanka. Sifana ake ce masa, tun daga masu shara har Babban Likita, don ba a taɓa ganinsa babu sifana a aljihun baya ba. Shi ne mai gyaran injuna. Ɗakin aikinsa yana jingine da ɗakin ajiye gawa, ɗan ƙuntataccen wuri mai taga ɗaya, cike da matattun injuna har rufi. Yakan ce shi da maƙwabtansa sana'a ɗaya suke yi, sai dai nasa mamatan wani lokaci sukan tashi.

Ƙasar ƙarama ce, irin wadda masu zana taswira kan rubuta sunanta a gefe su ja kibiya. Ba ta da mai, ba ta da zinariya. Abin da take da shi na sayarwa shi ne hannun da wakilinta ke ɗagawa a babban taron ƙasashen duniya, kuma duk wanda ya sami hannun nan shi ne aboki. Sifana ba a rediyo ya koyi wannan ba, a bakin noti ya koya. Kowace gwamnati ta zo da abokanta, kowane aboki ya kawo injinsa, kowane inji da irin notinsa. Akwatin kayan aikinsa yana ɗauke da sifanoni iri uku, na zumunci uku da aka yi aka watse. Jawabi kuwa ba ya sauraro. In aka ce an yi wa asibiti alkawari, sai ya ce, "To, a kawo in ɗaure."

Iyayensu sun rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta raine shi da wankau da guga a gidajen manyan ma'aikata. Ita ta kama kunnensa ta kai shi garejin wani makanike, ta ce a koya masa abin da zai ci abinci da hannunsa, don bakinsa ba zai ciyar da shi ba. Ta yi aure, auren bai yi ƙarko ba, ba ta sami haihuwa ba. Shi ma matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a wata ƙasa. Sai suka koma yadda suka fara, su biyu a ɗaki da falo, ita tana faɗa shi yana shiru. Har gemunsa ya yi fari Auta take kiransa, shi kuma Yaya.

Da ƙodarta ta gaza, ya ɗauka Allah ya yi masa gata, tunda ɗakin wankin ƙoda na asibitin a hannunsa yake. Injuna huɗu ne, kyautar abokan ƙasar na lokacin, kuma su ke aiko da robobi da matatun da ake sauyawa duk wanki. Sau uku a mako yake goyo ta a babur, Sistar da ke kula da ɗakin ta ɗaura ta a inji, a fitar da jini a wanke a mayar. Yaya ta kwanta tana tsokanar kowa, ta tashi da ƙarfin da za ta soki yadda yake ninke riga.

Wata safiya rediyo ya sanar cewa gwamnati ta yanke hulɗa da waɗancan abokan ta ƙulla da abokan gabarsu. Sababbin sun yi alkawarin filin wasa da gada da sabon ginin majalisa. Aka sauke tuta aka ɗaga tuta. Likitocin tsofaffin abokai suka tattara kayansu. Ma'aikatar lafiya ta aiko masu fenti suka shafe tambarinsu daga jikin bango, a nan aikin gwamnati ya tsaya.

Kwalayen da suka rage suka fara ƙarewa. Sista ta koma wanke matata ɗaya a yi amfani da ita har ta yi baƙi. Wanki ya koma sau biyu a mako, ya koma sau ɗaya. Inji ya lalace babu kayan gyara, Sifana ya farke shi ya ciyar da sauran. Huɗu suka zama uku, uku suka zama ɗaya, ɗayan ma wata rana ya yi ƙara ya ɗauke wuta, Sifana ya kwance shi ya ɗaure sau ba adadi bai tashi ba. Bencin da majinyata ke jira a kai, wanda da sai an matsa wa juna, ya fara yin fili. Babu mai tambayar ina wane.

Ana cikin haka sai ga babbar mota ta sauke akwatunan katako huɗu, kowanne ya fi mutum tsayi, kyautar sababbin abokai. Injunan wankin ƙoda ne sababbi fil, da robobinsu da matatunsu a ciki. Aka jera su a barandar ɗakin wankin, daidai gaban bencin nan, aka zagaye su da jan ƙyalle, aka ajiye ɗan sanda a kujera. Sifana ya zo da ƙarfen ɓalle ƙusa a kafaɗa, ɗan sandan ya miƙe.

"Ina zuwa, Baba?"

"Aiki."

"Ba a taɓawa sai an ƙaddamar. Shugaban Ƙasa da Jakada za su yanke ƙyallen nan."

"Yaushe?"

"Ni ma tambayar da matata ke yi mini ke nan."

Ya wuce ofishin Babban Likita. Mutumin kirki ne, ya rame kamar shi ne majinyacin. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Sifana, na buga waya, na je da ƙafata, na zauna a ƙofar minista har aka tashi aiki. Jakadan ba zai zo ba sai wakilinmu ya ɗaga musu hannu a taron duniya. Wakilinmu ba zai ɗaga ba sai majalisa ta amince. Majalisa kuwa jiya da jifa da kujeru aka tashi."

"Ranka ya daɗe, ni ba jakada nake so ba. Ƙusa ce ta tsare mu."

"Na sani. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In na buɗe, gobe ba ni a nan, kuma za su kawo wanda ba zai ma bari ka shigo ofishin ba."

Aka sa rana, aka ɗage. Aka sake sawa, aka sake ɗagewa. Ƙura ta hau akwatunan, masu shara suna gogewa, don an ce kada a bar kyautar abokai da datti. Majinyata suna zuwa su zauna a benci su zuba musu ido, yamma ta yi 'yan'uwansu su kwashe su.

Yaya ta daina iya kwanciya. A zaune take yini a zaune take barci, da matasai uku a bayanta, don in ta miƙe numfashi ya tsaya mata a ƙirji. Ƙafafunta sun kumbura, in ya danna da yatsa ramin sai ya daɗe bai cike ba. An hana ta shan ruwa sai ɗan kaɗan, sai ya riƙa jiƙa tsumma tana tsotsa. Wata safiya yana shafa mata mai a baya saboda ƙaiƙayi, ta ce:

"Auta, wannan hannu naka kamar dutsen goge kaushi. Ashe haka marigayiya ta sha fama."

"Yi shiru ki adana numfashin."

"In adana wa wa? Jakada?" Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ta ce, "Ka ce injin yana nan?"

"Yana nan."

"Ka gan shi da idonka?"

"Akwatinsa na gani."

"To ai ni ma akwatin nawa ya kusa. Ka ce su haɗa bikin, a yanke ƙyalle ɗaya, gwamnati ta huta."

Ya rufe kwalbar man, ya wanke hannu, ya daɗe a tsaye a bakin famfo ruwan yana zuba.

Ranar da Shugaban Ƙasa zai yi jawabi a taron duniya, asibitin kaf ya koma kantin cin abincin ma'aikata inda talabijin yake, don ba kullum ake ganin ɗan ƙasar a gaban manya ba. Ɗan sandan ma ya ɗauki hularsa ya bi. Da rana tsaka, baranda ba kowa, Sifana ya ratsa ta bayan akwati na ƙarshe, wanda ke kusurwa. Bai taɓa ƙyallen ba, bai taɓa fuskar akwatin ba. Ta baya ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana tara su a baki, ya sauke katakon, ya turo injin a kan tayoyinsa, ya kwashe kwalayen. Don kada akwatin ya yi sauƙi a hannun mai turawa, ya jawo gawar tsohon injin da ya mutu a ƙarshe ya cusa a ciki. Ya miƙar da ƙusoshin da guduma, ya mayar da kowacce raminta. Daga kanti ana ta tafi.

Sista ta shigo ta ga abin a tsakiyar ɗakinta, ta dafe ƙirji.

"Sifana, ka kashe mu."

"Da ma a mace muke. Kin iya shi?"

Ba ta iya ba, shi ma bai iya ba. Littafin injin da rubutun da ba wanda ya taɓa gani aka yi shi, sai hotuna. Suka bi hotunan kamar makafi a sabon gida. Ya ƙona fis ɗin wuta biyu, ya haɗa tiyon ruwa a juye ɗakin ya cika da ruwa, Sista ta zage shi tas, ya shanye. Sai washegari da la'asar fitilar injin ta koma kore ta tsaya. Ba Yaya aka fara ɗaurawa ba, wani direban bas ne da ya fara fita hayyacinsa. Ita ce ta uku. Da aka sauke ta, ta kwanta miƙe a gadon ta yi barci har da munshari, Sifana yana zaune a ƙasa ya jingina da bango yana sauraro.

Babban Likita ya leƙo sau ɗaya, ya dubi injin, ya dubi silin, ya ce ɗakin nan yana bukatar fanka, ya fita.

Abin ya tafi haka ɗan lokaci. Inji ɗaya ba ya isar benci, amma benci ya daina raguwa. Sai majalisa ta amince, wakili ya ɗaga hannu, aka sa ranar gaske. Ma'aikatar harkokin waje ta aiko jami'in shirya bukukuwa ya duba inda manya za su taka. Matashi ne mai kwat, yana gumi a cikinta, ko'ina ya nufa waya na kunnensa. Yana auna baranda ya tura ƙofar ɗakin wanki, ya tsaya cak. Ga inji yana aiki, ga tutar sababbin abokai manne a goshinsa.

"Wannan daga ina?"

"Daga akwati," in ji Sifana.

Mai kwat ya fita ya ƙirga akwatuna, ya dawo. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Baba, ka san abin da ka yi? Mutanen nan ba sa wasa da hoto. Jakada zai buɗe akwati a gaban kyamara, a nuna a ƙasarsu. In suka ji an riga su, sai su ce mun raina su. Gada tana kan wannan, albashin watan gobe ma yana kan wannan."

"Waccan da ke kwance yayata ce."

Mai kwat ya dube ta ya kau da kai. Yaya ta ɗaga hannun da ba a ɗaure ba.

"Sannu da aiki, ɗana. Cire rigar nan mana kafin ka narke, mu nan ba jakadu ba ne."

Bai yi dariya ba. Ya ja Sifana gefe. "Ni ma ina da uwa. Ba zan kai ƙara ba. Ka goge shi, ka mayar da shi ledarsa, ka rufe kamar ba a taɓa ba. Za a kulle ɗakin nan a yi fenti. Bayan biki injiniyoyinsu za su zo su ɗaura duka huɗun."

"Yaushe za su zo?"

"Ba da daɗewa ba."

"Da wane jirgi?"

"Baba, na ba ka kalmata."

Sifana ya dubi bakin da kalmar ta fito, ya ce, "Akwati nawa ake buɗewa ranar bikin?"

"Ɗaya. Na gaba. Manya ba su da lokaci."

"To."

Da mai kwat ya dawo dubawa, ya tarar da ɗakin wayam, masu fenti sun kafa tsani, akwati na kusurwa a rufe ruf. Ya girgiza shi ya ji nauyi, ya yi ajiyar zuciya, har ya dafa kafaɗar Sifana. Injin kuwa yana ɗakin wankin zannuwa a bayan ginin, tsakanin manyan tukwane da tulin zannuwan gado. Sifana ya jawo masa tiyo daga tankin tataccen ruwa ta taga, ya lulluɓe tiyon da buhuna. Mata masu wanki suka ga komai, ba wadda ta ga komai.

Sifana ya so a ce ranar bikin ba a kunna injin ba. Amma Yaya ta wayi gari leɓɓanta sun yi toka, tana jan numfashi kamar mai hawa tudu, kuma karo na farko a rayuwarta ba ta ce masa komai ba da ya ɗauke ta. Sista ta taɓa wuyanta ta ce ba za ta kai gobe ba in ba a wanke ta ba. Aka shigo da ita ta ƙofar da ake fitar da shara, aka shimfiɗa ta a teburin ninke zannuwa, aka ɗaura ta.

Tagar ɗakin tana kallon filin da aka kafa rumfa. Sifana ya leƙa ta tsakanin zannuwan da aka shanya, ya ga abin da bai lissafa ba. An fasa yin bikin a baranda, wai ba haske. Leburori suna fito da akwatunan fili. Na farko da suka ɗauko suka kai shi can ƙarshen jan kafet, na biyu a gefensa, na uku. Na kusurwa shi ya fito a ƙarshe, suka dire shi inda ƙarfinsu ya ƙare, daf da kujerun manya. Wata mata ta zo ta ɗaura masa fure.

Ya yi niyyar fita. Sojoji sun riga sun tsare kowace ƙofa, jiniya tana kusantowa. Ya bar tagar.

"Saura nawa, Sista?"

"Yanzu muka fara."

Aka yi taken ƙasa biyu. Aka yi jawabi, lasifika tana kawo musu shi har cikin tukwane: zumunci na har abada, lafiyar talaka, sabon babi. Jini yana fita ta roba ɗaya yana komawa ta ɗaya. A hankali numfashin Yaya ya fara sauka, ta buɗe ido.

"Auta, wa ke ta surutu haka?"

"Shugaban Ƙasa."

"Allah sarki. Shi ma a ba shi tsumma ya tsotsa."

Sai makaɗan soja suka ɗauka, aka ji tafi, an yanke ƙyalle. Aka ji kukan ƙusa tana fita daga katako, sautin da Sifana ya fi kowa sani. Ya koma taga. Katakon gaba ya faɗi. Ga gawar tsohon inji a tsaye, wayoyi sun zazzago daga cikinsa kamar hanji, a ƙirjinsa kuwa ga farantin ƙarfe mai ɗauke da tutar tsofaffin abokai, wadda masu fenti ba su taɓa kaiwa gare ta ba. Kyamarori duka suna kansa. Kiɗa ya mutu kaɗan-kaɗan, mai kakaki ɗaya ya ci gaba shi kaɗai kafin ya farga. Jakada ya ajiye almakashi a kan tire, ya juya ya nufi motarsa. Mai kwat yana tsaye da hannu biyu a ka.

Sifana ya saka sakata. Ya turo babbar tukunyar wanki ya tokare ƙofar, ya zauna a ƙasa ya manna bayansa a jikinta, ya kafa dugadugansa a gindin teburi.

Ba a daɗe ba aka gano tiyon, aka bi shi. Takalma suka cika bayan ginin.

"Buɗe ƙofar nan!"

"Ana aiki," in ji Sifana.

Aka daki ƙofar, tukunyar ta buge shi a kafaɗa. Muryar mai kwat ta shigo ta ramin makulli, kamar zai yi kuka.

"Baba, ka ce mini to. Ka dubi idona ka ce mini to."

"Na ce. Ka yi haƙuri, ɗana. In kuka ɓalle, jininta rabi yana cikin inji. Ku jira a mayar mata, sai ku yi abin da ya kawo ku."

A waje aka yi gardama, aka sake duka, sannan aka ji muryar Babban Likita yana magana a hankali, doguwar magana. Dukan ya tsaya. Ba su tafi ba, inuwar ƙafafunsu tana nan a ƙarƙashin ƙofa. Sista ba ta ɗaga kai daga injin ba. Gumi ya jiƙe rigar Sifana, ƙafarsa ta dama ta mutu, bai gyara zama ba. Rana ta gangara daga taga zuwa kan tulin zannuwa.

Can Sista ta matse roba, jan da ke cikinta ya koma ruwan hoda, ya koma fari. Ta zare allura ta danne wurin da auduga.

"Shi ke nan."

Yaya ta juyo da kai ta dube shi a ƙasa. "Tashi mana, Auta. Ka zauna kamar wanda aka yi wa sata."

Ya dafa tukunya ya miƙe da ƙyar. Ya zare sifanar aljihunsa ya ajiye a kan tebur kusa da ƙafarta, don kada su ce ya fito da makami. Ya ja tukunyar gefe. Hannunsa yana kan sakata ya juyo.

"Sista, wankinta na gaba jibi ne ko gata?"

Sista tana naɗe robar da aka gama da ita. Ta ci gaba da naɗewa.

Ya zare sakatar.